Jikata Mai Zanen Masu Shan Jini

Ni ne Maharazu mai tsire na Misfala. In ka shigo unguwar ka tambaye ni aka ce ba a san ni ba, to wanda ka tambaya baƙo ne, jiya ya sauka. Shekara hamsin da ɗaya na yi ina gasa nama a bakin lungu ɗaya, har Larabawan garin nan suka koyi cin ƙuli da yaji a hannuna. Ban taɓa zama a aji ba. Wannan da kuke karantawa ma magana nake yi waya tana rubutawa, in kun ga kuskure nata ne, ba nawa ba.

Labarin jikata zan ba ku, Raghad 'yar ɗana Dawuda. Amma ku riƙe wannan tun yanzu, don ba na son a ce na ɓoye: abin da ya same ta, bakina ne ya jawo shi.

Raghad shekararta ashirin da huɗu, doguwa, baƙa mai sheƙi irin ta gidanmu. A nan Makka aka haife ta, Larabci ne a bakinta, in ta juya Hausa sai ka ji kamar tana tafiya da takalmin aro. Sidi take kirana, yadda 'ya'yan garin nan ke kiran kaka. Ta gama jami'a, tana zane a wani shagon buga katin biki a Aziziyya.

Tun tana 'yar sha huɗu ta kamu da wasu littattafan Turawa da aka juya zuwa Larabci, guda shida, labarin samari da 'yan mata da ba sa tsufa, ba sa cin abinci sai jinin mutane. Aka yi fim ɗinsu, ta kalla ta yi kuka don haushi. Aka yi na biyu, ta ce ya fi na farko lalacewa. Aka zo aka yi mai dogon zango, aka yanke shi a tsakiya ba a ƙarasa ba. Har na zane aka fitar, mai hotuna a gida-gida da magana a saman kan mutane, ta saya da tsada, ta ce an zana kowa kamar 'ya'yan uwa ɗaya.

Wata rana bayan la'asar ina kwance a falo, na'urar sanyi tana ƙugi, ta kunna fim ɗin nan karo na ban san nawa ba.

"Sidi, dubi abin da suka yi. A littafi yarinyar ce ta cece shi. Nan kuma sun mai da ita sai kuka, sai suma."

"Wannan farin yaron fa, ba shi da lafiya ne?"

"Shi ne mai shan jinin."

"Wannan? Wannan in na ba shi romon kai kwano ɗaya sai an ɗauke shi." Na gyara kwanciya. "Mu ma muna da irinsu a gida, kuma namu ba sa wahalar da haƙori. Mayu ake ce musu."

Ta tsayar da fim ɗin ta juyo. Ni kuwa kun san ni, in aka ba ni kunne ba na mayarwa. Mako uku ina zuba mata: ƙanƙarar da ke cikin maye, yadda yake kama kurwar mutum, yadda kurwa ke rikiɗa ta zama 'yar tsako ta ɓuya a bayan tsoho, yadda wanda aka kama yake ramewa yana bushewa ba a ga ciwo ba. Tana rubutawa tana cewa, "Wallah Sidi, kai jami'a ne." Ba ƙarya ta yi ba.

Daga nan ta fara zana nata. Ta ɗauko labarin littattafan nan ta sauke shi a lungunan Misfala, ta cire musu dogayen haƙora ta zuba musu ƙanƙara, yarinyar ciki ta sa mata abaya da takalmin gudu. Duk Alhamis take sakin shafi goma a waya. Kafin shekara mutum dubu arba'in ke jira. Ni nake riƙe wayar ina nuna wa mutanen masallaci, ina cewa rabin abin nan daga kaina ya fito.

A ƙarƙashin zanen nan Majid ya same ta. Mai ba da magani ne a wani kantin magani a Utaibiyya, shi ma jikan Hausawa, haifaffen nan. Abin da ya fara rubuta mata shi ne, fim na biyu ya fi littafin. Wata biyar suna faɗa a kan wannan magana. Sai ka ji ta a kicin tana yi wa waya masifa: "Yanzu wanda ya yanke babi bakwai shi ne gwani? Ka karanta kuwa, ko hoton bango ka kalla?" Shi kuma ya turo murya yana dariya: "Na karanta, ya ustaza, har na yi barci sau biyu." A wata na shida ya nemi lambar ubanta.

Aka sa ranar shofa, wato ranar da saurayi ke zuwa da danginsa a ga yarinya. Tun safe surukata Khalida, uwar Raghad, ta juye gidan: sabon labule ruwan zuma, turaren wuta har ido na yaji, dardumar da ba a shimfiɗawa sai da salla. Raghad ta sa doguwar riga koriya mai aikin zare a wuya, da 'yan kunnen kakarta marigayiya. Ni na sa farar jallabiyata da hular da na yi shekara ashirin ina ajiya. Dawuda ya ja ni gefe.

"Baba, don girman Allah, yau ban da labarin jirgi."

"Wane jirgi?"

"Ka sani. Ka gaishe su, ka yi addu'a, khalas."

Na ce to.

Su huɗu suka zo: Majid cikin farar riga tas, da uwarsa Ummulkhairi, da ƙanwarsa Nuf 'yar sha tara, da kakarsu Hajiya Maijidda, gajeriyar tsohuwa mai sanda, wadda ko uban Majid ba ya sayen mota sai ta yarda. Aka yi gani, aka yi murmushi, komai lafiya. Da aka zo sallama aka buɗe ƙofar da ke tsakanin falon maza da na mata don tsofaffi su gaisa. Sai tsohuwar ta ce da Hausa tsantsa, irin wadda na daɗe ban ji ba:

"Alhaji, ku mutanen ina ne asali?"

Jama'a, ku faɗa mini, wa za a yi wa wannan tambaya ya ce khalas?

Na ba ta tun daga tushe. Yadda muka bar ƙasar Katsina ina goye, muka shekara biyar a hanya, uwata tana tsinkar auduga a Sudan. Yadda aka zuba mu a jirgin ruwan katako, mai jirgin ya sauke mu a wata gaɓa da babu rijiya ya ce Jidda na bayan tudun can, ashe kwana shida ne a ƙasa. Yara tara ne a ayarin. Takwas aka binne a rairayi. Na buga ƙirji na ce, "Ni kaɗai na shiga Jidda da ƙafata, ina ɗan shekara bakwai. Ni, Maharazu ɗan Kande."

"Kande," in ji ta. "Kande 'yar Mashi?"

"Ita fa. Ashe labarinta ya iso ki."

"Ya iso ni."

Ta ja mayafinta ta ce a miƙo mata sandarta. Ni a zatona girma ne ya kama ta.

A ranar ce kuma Nuf ta maƙale wa Raghad a ɗaki. Ashe tana cikin dubu arba'in ɗin nan. "Ki sa ni a ciki, Allah ya bar ki, ko da gawa ce." Raghad ta ɗauki hotonta, Alhamis ta zagayo sai ga Nuf a shafi na bakwai, kamar ta yi magana: kwance, ido ya faɗa, leɓe ya bushe, 'yar farar tsako tana fita daga ƙirjinta. Nuf ta yi ta tura wa ƙawaye tana murna. Aka kawo shabka, sarƙa da zobe da awarwaro na zinariya a jan akwati. Aka sa ɗaurin aure Juma'a ta huɗu.

Kwana goma da fitar zanen, Nuf ta yanke jiki ta faɗi a makaranta.

A asibiti aka ce jininta ne ya yi ƙasa ƙwarai. Ashe wata biyu, tun da aka fara maganar auren, yarinyar nan tana zaune a kan shayi da kokwamba don ta shiga rigar biki. Aka ɗaura mata ruwan ƙarin jini, aka ce za ta riƙa zuwa ana ƙara mata, nan da kwana goma za ta miƙe. Majid da kansa ya faɗa wa Raghad haka, ina ji. To amma daga ranar saƙonninsa suka fara gajarta. Mai turo murya ta minti biyar ya koma "tayyib" da "inshallah". Raghad ta dafa miyar hanta ta ce za ta kai, aka ce ta bari, Nuf na barci. Washegari ma tana barci. Rana ta uku Ummulkhairi ta kira Khalida, suka yi magana a ɗaki, Khalida ta fito fuska kamar an shafa mata toka ta ce Hajiya Maijidda na son ganin mazan gidan.

Muka je ni da Dawuda bayan la'asar. Gidansu hawa na uku ne, babu na'urar hawa, na hau ban huta ba ko sau ɗaya, Dawuda ne ma ke haki. Tsohuwar na zaune a kan kujera a tsakiyar falo, waya a cinyarta. Majid na tsaye a bakin ƙofa.

Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Yusha'u da Ma'aruf. Ka tuna su?"

Na ce sunayen ba baƙi ba ne.

"Yayyena ne. Suna cikin takwas ɗin da ka ƙirga mini kana buga ƙirji. Ni a nan aka haife ni bayansu, na tashi uwata ba ta gama salla ba tare da ta kira sunansu ba. Ta faɗa mini ko wace ce Kande. Ta ce duk yaron da Kande ta shafa wa kai da safe, kafin yamma an haƙa masa rami, nata kuwa yana tsalle."

"Ƙishirwa ce, Hajiya," in ji Dawuda. "Kwana shida babu ruwa."

"Shi ruwan sama aka yi masa shi kaɗai?" Ta ɗaga wayar, ga Nuf kwance da 'yar tsako. "Yarinyar da aka haifa a Makka, ba ta iya ƙirga ashirin da Hausa ba, wa ya sanar da ita ƙanƙara? Wa ya sanar da ita kurwa?"

"Ni," na ce. "Ni na koya mata duka."

Dawuda ya taka mini ƙafa. Ban kula ba, don na ga tsohuwar nan tana so ta nuna ta fi ni sanin abin da na fi kowa sani a garin nan.

"Kuma Hajiya, in maganar sani ake, ke ma kin san ba haka ake gadonta ba. A nono ake shanta. Ta wajen uba ba ta bi. Ni na sha nonon Kande, na yarda. Dawuda bai sha ba, nonon uwarsa ya sha, Bafulatana ce mai tsarki. Balle Raghad. Iyakar abin da ɗa ke samu ta wajen uba shi ne gani, yana gani amma ba ya ci. To ina laifin yarinya?"

Na gama ina jiran a ce Alhaji ya yi gaskiya. Dawuda ya sa tafin hannu ya rufe fuskarsa.

"Majid," in ji tsohuwar a hankali, "ka ji da kunnenka. Ban ce ba, ɗanta ne ya ce."

Sai a lokacin na ji abin da na faɗa. Na zo wanke uwata, na ɗaure ta da hannuna.

Ta ce magani ɗaya ne, kuma kowa ya san shi. Wadda ta kama ita ke saki. Raghad ta zo ta tsallake Nuf sau uku a gaban mata, in ta yi, ba a fasa Juma'a ba. In ta ƙi, a aiko a karɓi kayansu.

Dawuda ya miƙe. "Hajiya, ki ji tsoron Allah. Daga tagar nan ana jin kiran sallar Harami. Wannan aikin jahiliyya ne."

"Na riga ubanka sanin hanyar Harami. Zauna."

"Ba ki riga ni ba, Hajiya," na ce, sannan na sassauta. "In tsallake ne, ga ni. Ni na sha nonon. A kawo ta in tsallake."

"Ƙaton namiji, ba muharraminta ba, ya tsallake mana 'ya? A garin nan? Wadda ta zana ta ita za ta zo."

A matakala Majid ya biyo mu, yana murza hannu. "Ammi Dawuda, wallahi na san ƙarancin jini ne, ni nake karɓo maganin. Amma kakata Sitti tana da hawan jini, kwana uku ba ta ci ba. Babana ba zai ƙetare maganarta ba."

"Kai fa?" in ji Dawuda.

Ya dubi takalminsa.

Da muka koma gida Dawuda ya ce ko gawarsa ba za ta yarda ba. Khalida ta ce a mayar musu da akwatinsu tun yau, maza ba su ƙare ba. Raghad kuwa tana kicin. Tana zaune a ƙasa ta jingina da firij, tana sake kunna muryar da Majid ya turo, har na haddace ta:

"Raghad, ki saurare ni. Taku uku ne kawai. Ni da ke mun san wasa ne, kamar a zanenki. Ki yi don Sitti ta samu barci, Juma'a a ɗaura, mu tafi gidanmu mu rufe ƙofa. Ba zan iya rasa ki a kan wannan ba."

Washegari da hantsi, iyayenta ba sa nan, ta kawo mini shayi ta zauna a gabana. Idonta ya kumbura.

"Sidi, kai ne ka san abin nan. Baba fushi yake, Mama kuka take. Kai ka faɗa mini. In na tsallake, shi ke nan an wuce wurin?"

To jama'a, nan ne wurin da na zo faɗa. Wanda zai zage ni ya shirya.

Na san amsar. Ba ji na yi ba, gani na yi. Shekararmu biyu a Makka ɗan wata maƙwabciya ya kwanta da zazzaɓi, aka taru a ƙofar ɗakinmu aka ce Kande ta fito. Ta rantse da Alƙur'ani, aka ce ba rantsuwa ake so ba. Ta tsallake yaron sau uku ina riƙe da gefen zaninta. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya sauka, yadda zazzaɓi ke sauka, yaro ya tashi yana wasa. Daga ranar babu wanda ya ƙara sayen furar uwata. Mata na ganinta su janye 'ya'yansu. Da yaron ya mutu da sun ce ta ƙi saki, da ya tashi suka ce ga shaida. Muka bar unguwar muka dawo Misfala inda ba a san mu ba. Ranar da ta rasu mu biyar muka ɗauke ta.

Kuma ga abin da ban taɓa faɗa ba, ko wa uwar Dawuda. Ba ƙarfina ne ya fitar da ni daga rairayin nan ba. Uwata tana da 'yar gora da ta ɗaure a cinyarta ƙarƙashin zani. In an tsaya hutu sai ta ja ni bayan dutse kamar za ta kai ni bayan gida, ta ɗiga mini a baki, ta ce in na faɗa za ta yanke mini harshe. Tana jin 'ya'yan mutane suna kiran ruwa, ba ta kwance gorar ba. Iyakar maitar Kande ke nan. Shekara saba'in ina sayar da labarin nan a matsayin jarumtata.

Da na buɗe baki na ba Raghad wannan, da ta gane ramin da ake kiranta ta shiga. Amma sai in zama tsohon da ya rayu da ruwan sata, kuma a ce auren jikarsa ya mutu a bakinsa ranar da ya je gyara. Na ce a raina zamani ya canza, waɗannan 'yan boko ne, yaron mai ba da magani ne, za a yi a manta.

Na kurɓi shayi na ce, "Taku uku ne, jikata. Ni da na taka kwana shida ban mutu ba."

Ta sumbaci kaina ta tashi.

Ranar Litinin aka yi. Dawuda ya ce shi ba ya ciki, ya fita tun asuba. Ni da Khalida muka raka ta. Ta sa baƙar abaya marar ado ko ɗaya, ba kwalli, ba turare, ta cire zoben shabka ta sa a jaka. Ni aka bar ni a falon maza ni kaɗai da agogon bango. Abin da ya faru a ciki Khalida ce ta faɗa mini daga baya, da ƙyar.

Mata bakwai ne a ɗakin, alhali an ce na gida ne kawai. Har da maƙwabta biyu da wata mai kitso. An shimfiɗa wa Nuf katifa a ƙasa, an lulluɓe ta zuwa wuya. Tana ganin Raghad ta fashe da kuka tana cewa, "Ki yafe mini, wallah na gaya musu ni na roƙe ki, ba sa ji." Hajiya Maijidda ta ce a yi shiru. Raghad ta cire takalmi, ta tattare abayarta zuwa idon sawu. Ta tsallaka. Tsohuwar ta ce, "Ɗaya." Ta dawo. "Biyu." A na uku ƙafarta ta taɓa bargon, aka ce bai yi ba, ta sake. Sau huɗu ke nan ta tsallake.

Da ta fito ba ta dube ni ba. A mota ta ciro zoben ta mayar a yatsanta, ta rubuta wa Majid kalma ɗaya, khalas, wato an gama. Ya turo mata hoton zuciya har guda uku, na gani da idona.

Ranar Laraba Nuf ta tashi. Kwana goman da likita ya faɗa ke nan cif, ku ƙirga da kanku. Ta yi wanka, ta ci shinkafa da kaza, ta nemi ƙari. Kafin azahar labari ya zo Misfala, ba ta bakin Majid ba. Matar da Khalida ke sayen kayan miya a wurinta shekara goma ta ce mata yau ta zuba kuɗin a kan tebur, ba sai ta miƙo ba. A ƙarƙashin zanen Raghad wata da ba ta sa sunanta ba ta rubuta, "Ashe tarihin gidanku kike zana mana." Mutum ɗari biyu suka danna mata alamar so.

Raghad ta kira Majid sau shida. A na bakwai ya turo murya, gajeriya: "Alhamdulillah Nuf ta warke. Gidan ya ɗan rikice. Gobe zan zo da kaina."

Ta ajiye wayar ta zo ta tsaya a kaina ina lazimi.

"Sidi. Lokacin kakarmu Kande, an taɓa sa ta tsallake?"

Na ci gaba da jan carbi.

"Da kai nake. An sa ta?"

"An sa ta."

"Wanda ta tsallake ya tashi?"

"Ya tashi."

"Sai aka yi yaya?"

Ni Maharazu, da ban taɓa rasa amsa ba a gaban ɗan sanda ko alƙali, na sunkuyar da kai a kan carbina. Ta daɗe tana kallona. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Ka sani ke nan," ta ce, ta shige ɗaki.

Alhamis, jajiberin ɗaurin aure, ba ta saki shafi ko ɗaya ba, karo na farko a shekara biyu. An riga an kawo kujerun haya an jingine a matakala, ɗinkin Khalida na rataye a ƙofa cikin leda. Bayan la'asar Majid ya zo shi kaɗai. Ya gaishe ni, ya gaida Dawuda, ya zauna a bakin kujera kamar wanda ya zo asibiti. Ya ce ba a fasa ba, ɗagawa kawai za a yi zuwa bayan Hajji, kafin nan Sitti ta huce, mutane su samu wani abin magana. Ya ce shi har yanzu yana nan a kan bakansa. Ya faɗi haka sau uku.

Dawuda ya buɗe baki zai yi magana, sai ga Raghad ta shigo da tire. Ta yi kwalliya kamar ba ita ba, jan baki, kwalli, zoben a yatsa. Gahawa ce ta dafa da hannunta, ƙamshin hel ya cika falon. Ta zuba a ƙaramin finjali ta miƙa masa, ta tsaya a gabansa da butar a hannun hagu.

"Sha, Majid."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya ce Allah ya saka. Ya kai shi har kusa da leɓe, tururin na taɓa gashin bakinsa, ya tsaya a nan. Ina kallonsa. Mai ba da magani, mai digiri, wanda ya karɓo ruwan ƙarin jinin da hannunsa.

"Da ɗan zafi," ya ce, ya ajiye a kan tebur.

"Zan jira ya huce," in ji Raghad.

Ta ja kujera ta zauna daura da shi, ta harɗe hannuwa. Mu huɗu muka zuba wa finjalin nan ido har tururin ya ɗauke. Aka kira magariba, bai taɓa shi ba.